Ido Ba Mudu Ba: Kintacen Na'ura da Haƙƙin Wanda Aka Kintata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero lokacin da albasar rani ta fito ya san ba a ƙirga albasa ɗaya bayan ɗaya. Dillali yakan dubi tuli, ya zura hannu ya ciro 'yan ƙwayoyi daga sama da tsakiya, ya jinjina su, sannan ya faɗi buhu nawa zai yi. Sau da yawa maganarsa takan zo daf da gaskiya, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ciniki ba zai yiwu ba in da za a ce sai an ƙirga kowace ƙwaya kafin motar Legas ta tashi. Sai dai akwai wani sharaɗi da ke riƙe da wannan al'ada, ko da ba a faɗarsa: in mai kaya bai gamsu ba, yana da ikon cewa a zuba a buhu a gani. Kintace ya halatta a kasuwa ne saboda ƙofar awo a buɗe take.

A yau akwai wani tulin da ya fi na albasa girma nesa ba kusa ba, wato bayanan da ke kwarara a hanyoyin sadarwa na kwamfuta da wayar salula. Shi ma ba a iya ƙirga shi, shi ma kintata shi ake yi. Bambancin shi ne, abin da ke cikin wannan tuli sawun mutane ne: wa ya kira wa, daga ina, sau nawa, da wane lokaci. Tambayar da wannan rubutu ya sa gaba ita ce: yaushe ne adalci ya yarda a yi aiki da kintace a kan mutum, kuma in kintacen ya kuskure, wa ya kamata ya ɗauki asarar?

Yadda na'ura ke kintace

Saƙon da mutum ya tura ta intanet ba ya tafiya a dunƙule. Ana gutsuttsura shi zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi. Babban layi guda mai saurin gigabit 100 yana iya ɗaukar ƙananan ƙunshi kusan miliyan 148 a daƙiƙa ɗaya. Na'urar da ke tsaye a bakin irin wannan layi tamkar mai gadi ne a kan gadar Jega da aka ce ya ba da labarin ruwan da ya wuce: sau ɗaya zai ga kowane ɗigo, ba zai iya tsayar da kogin ba, ba shi kuma da randar da za ta ɗauke shi. Wannan matsala ce ta haifar da wani reshe na ilimin kwamfuta, wanda aikinsa shi ne ƙirƙiro dabarun taƙaita abin da ya wuce a cikin 'yar ƙaramar ma'adana.

Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun ita ce wadda Jayadev Misra da David Gries suka wallafa a 1982. A ƙaddara mai tsaron ƙofar kasuwar Jega yana son sanin garin da kayansa suka fi shigowa, amma allonsa layi tara kawai yake ɗauka. In kaya suka zo daga Kimba, kuma Kimba na kan allo, sai ya ƙara mata ɗaya. In daga Sabiyal ne, ba ta kan allo amma akwai gurbi, sai ya rubuta ta. In kuwa daga Andarai ne, allo ya cika, sai ya rage ɗaya daga kowane layi, ya goge duk wanda ya koma babu. Lissafi ya tabbatar da cewa duk garin da ya kawo fiye da kashi ɗaya cikin goma na kayan ranar, tilas a same shi a kan allo da yamma. Amma akasin haka bai tabbata ba. Garin da ya kawo jaki ɗaya daf da magariba yana iya samun kansa a jere da manya, don kawai ya tarar da gurbi.

A 1996 Noga Alon da Yossi Matias da Mario Szegedy suka kafa wa fannin ginshiƙin lissafi, aikin da ya jawo musu lambar yabo ta Gödel a 2005. A farkon shekarun 2000 Graham Cormode da S. Muthukrishnan suka fito da dabarar Count-Min, wadda ta bazu ƙwarai a harkar. Siffarta kamar an jera ƙore ne sahu-sahu. Kowane mai wucewa yana da ƙwarya guda da aka ware masa a kowane sahu, yana jefa tsakuwa a ciki duk lokacin da ya wuce. Da yake mutane sun fi ƙoren yawa, dole wasu su yi tarayya a ƙwarya ɗaya. In ana son sanin sau nawa wane ya wuce, sai a duba ƙorensa duka, a ɗauki wadda ta fi ƙarancin tsakuwa. Amsar ba ta taɓa gazawa ga gaskiya, amma tana iya zarce ta, saboda tsakuwar wasu ta haɗu da tasa. A 2007 kuma Philippe Flajolet na Faransa da abokan aikinsa suka kawo HyperLogLog, wadda ke iya kintata adadin abubuwa mabambanta fiye da biliyan ɗaya da ma'adanar da ba ta kai kilobait biyu ba, da kuskuren da ke wajen kashi 2 cikin 100, ba tare da ta rubuta jerin sunayensu ba.

Masana fannin suna kiran masu yawan zirga-zirga a layi giwaye, sauran kuwa ɓeraye. Yawancin dabarun an gina su ne don a gano giwa, a ƙyale ɓera.

Hujjar masu sa ido

Ba adalci ba ne a fara da zargi, domin amfanin waɗannan dabaru a fili yake. Da su ake gane lokacin da dubban kwamfutocin da aka yi wa kutse suka taru a kan wata cibiya don su durƙusar da ita. Da irinsu kamfanin sadarwa ke sanin ƙarfen sabis ɗin da ya cika, ya ƙara masa ƙarfi. Mai POS a Maiyama da kuɗin abokin cinikinsa ya wuce cikin ƙiftawar ido yana cin moriyar wani sa ido da bai taɓa gani ba.

Hujja mafi nauyi kuwa ita ce ta rai. Mutanen Kebbi ba su manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Masu garkuwa da mutane da waya suke ciniki, da waya masu kai musu rahoto suke sanar da su. Uban da 'yarsa ke daji ba zai saurari doguwar muhawara a kan sirri ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ƙari a kan haka, mun ga abin da hukuma ke yi in ta kasa bambance layin ɓarawo da na mai gaskiya. A farkon Satumba 2021 an rufe sabis ɗin waya a duk faɗin Zamfara, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wannan shi ne kintace mafi kaushi da za a iya yi: a ɗauki kowa a matsayin wanda ake zargi. Mai haƙuri da ke neman likita, da ɗan kasuwa, da ɗalibi, duk sun biya bashin da ba su ci ba. Mai kare sa ido zai ce, ashe na'urar da ke iya ware layi ɗari daga cikin miliyan ba ta fi wannan tausayi ba?

Ta fi, in har tana ware su daidai. A nan ne maganar ta ɗauki wani salo.

Inda kuskuren ke faɗawa

Injiniyan da ya zaɓi dabarar da ba ta gazawa sai dai ta zarce yana da dalilinsa. A wajen kare layi, gara a yi ƙararrawar banza sau goma da a bar hari ɗaya ya wuce. In abin da za a yi bayan ƙararrawa shi ne a rage wa wani adireshi gudu na minti biyar, asarar kaɗan ce. Amma da zarar an ɗauki wannan tunani aka ɗora shi a kan mutane, ma'anarsa ta sauya. Zarcewar lissafi ta zama ɗora wa mutum tsakuwar da wani ya jefa. Ƙa'idar da addini da al'ada da dokar ƙasa suka haɗu a kanta kuwa ita ce, ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani.

A yi wani ɗan lissafi na misali. A ce akwai layuka miliyan ɗaya a wani yanki, ɗari daga ciki na masu laifi ne. A ce na'ura ta ƙware har tana kama ɗarin nan duka, kuma a cikin masu gaskiya sau ɗaya kawai take kuskure a kowane ɗari. Jin haka sai a ce madalla. Amma kashi ɗaya cikin ɗari na miliyan ɗaya kusan mutum 10,000 ne. Ke nan a cikin kowane mutum ɗari da na'urar ta nuna da yatsa, kusan ɗaya ne tak mai laifi. Ba lalacewar na'ura ce ta jawo haka ba. Haka lissafi yake duk lokacin da ake neman abu ƙalilan a cikin taro mai yawa.

Su wane ne kuma giwayen ƙasarmu? Dillalin albasa ne na Aliero, wanda ke kiran lambobi barkatai a rana, daga kudancin Nijeriya har ƙasashen maƙwabta, kuɗi masu nauyi suna shiga asusunsa suna fita. Mai cajin waya ne a ƙauyen Mungadi, wanda wayoyin unguwa duka ke kwana a shagonsa. Matar aure ce da maƙwabta ke aron wayarta saboda ita kaɗai ke da kati. Direba ne da ke bin hanyar Jega zuwa Yawuri da tsakar dare. A idon dabarar da ke neman mai yawan kira, mai yawan tafiya, mai yawan mu'amala da baƙin lambobi, waɗannan bayin Allah sun yi kama da wanda ake nema. Inda ake tarayya a waya, kuma ake sayen layi da sunan ɗan'uwa, ƙwarya ɗaya takan tara tsakuwar mutane da yawa tun kafin na'ura ta yi nata kuskuren. Talauci kansa yana ƙara wa mutum yiwuwar faɗawa cikin zargi.

Dillalin kasuwa yana kintace a gaban mai kaya, yana jin kunyar idonsa, gobe ma za su haɗu. Na'ura tana kintace a ɓoye, wanda aka kintata bai san an yi ba, balle ya ce a zuba a buhu.

Tsakanin mantuwa da ajiya

Akwai wani abu a cikin waɗannan dabaru da ya cancanci yabo ta fuskar ɗabi'a, wato an gina su a kan mantuwa. Allon mai layi tara yana goge ƙananan baƙi. Dabarar Flajolet tana iya gaya wa hukumar lafiya kimanin mutum nawa suka shigo gari ranar kasuwa ba tare da ta miƙa mata jerin sunaye ba. Wannan mantuwa ba cikakkiyar kariya ba ce, domin wasu masana sun nuna a 2019 cewa irin wannan taƙaitawa ma tana iya fallasa ko wani yana ciki. Duk da haka, ilimin ya tabbatar da abu muhimmi: ana iya sanin halin taro ba tare da an buɗe wa kowa kundi ba.

Abin takaici, mai iko ba kasafai yake son mantuwa ba. Wurin da aka dasa na'urar kintace shi ne wurin da za a iya dasa na'urar kwafe komai. A watan Yuni 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka tana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa, ba don ana zargin kowannensu ba. An kare shirin da cewa ba a sauraren magana, lambobi da lokuta kawai ake ajiyewa. Amma a shekarar nan wani bincike da Yves-Alexandre de Montjoye ya jagoranta, a kan bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen daga sauran. Wanda ya san masallacin da kake sallar asuba, da gonarka, da asibitin da ka je, da gidan da ka daɗe a cikinsa da dare, ba ya bukatar jin muryarka.

A Nijeriya dokokin suna ja ta fuska biyu. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na shekara biyu. Tun Disamba 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da ya sa kowace tsakuwa yanzu tana da suna. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa aikin na'ura kaɗai, amma ta yi sassauci ga hukumomin tsaro, wato daidai wurin da hukuncin ya fi zafi.

Abin da magabata suka bari

Jega da Aliero da Maiyama ƙasar Gwandu ce, ƙasar da aka gina a kan karatun fiƙihu, kuma fiƙihu ya daɗe da sanin matsalar kintace. A babin zakka akwai kintacen dabino da inabi tun suna kan itace. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Abdullahi ɗan Rawaha, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake aikawa Haibara don ya kintata amfanin gonakin da ake rabawa. In ya faɗi adadi, sai ya ba mutanen zaɓi: ko su riƙe amfanin su biya rabo bisa kintacensa, ko shi ya riƙe ya biya su bisa wannan adadin. Hikimar a fili take. Mai kintacen da zai iya zama shi ne mai asara ba zai zarce da gangan ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya umarci mai kintace ya bar wa mai gona sulusi ko rubu'i. Malamai sun yi saɓani a kan yadda ake aiki da shi, amma alƙiblarsa ba ta ɓuya ba: in za a yi kuskure, a yi shi ta wajen da zai sauƙaƙa wa mai rauni.

Game da sa ido kuwa, aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga binciken asirin mutane a wuri guda, kamar tana nuna ɗayan ne ke haifar da ɗayan. Bahaushe ya ɗauki wannan ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayani a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa mai hisba ba shi da ikon tono abin da aka ɓoye, sai in akwai alama mai ƙarfi ta ɓarnar da ba a iya gyara ta in ta auku, kamar a ce wani ya keɓe da mutum zai kashe shi. Wannan ya amsa kukan uban da 'yarsa ke daji, domin ceton rai yana buɗe ƙofa. Amma ƙofar gida ɗaya yake buɗewa, bisa dalili, ba ƙofofin gari duka ba.

Matsaya

Daga abin da ya gabata, ina ganin amsar tana da rassa huɗu. Na farko, kintace ya dace da tuli, bai dace da mutum ba. A yi amfani da shi a san inda layi ya cushe ko inda annoba ta dosa, wannan alheri ne. Amma in magana ta zo kan wane ɗan wane, iyakar abin da kintace zai yi shi ne ya sa a fara bincike, ba ya zama hujjar kamu, ko rufe asusu, ko toshe layi. Na biyu, asarar kuskure ta hau kan mai na'ura. Hukuma ko kamfanin da ya toshe layin dillali a tsakiyar kakar albasa bisa kuskure ya biya shi abin da ya ruɓe a rudu. Ranar da kuskure ya fara cin aljihun mai kintace, ranar za a fara gyara ma'auni. Na uku, duk wanda na'ura ta nuna yana da haƙƙin ya sani, ya kuma tsaya gaban ɗan'adam mai ikon warware hukuncin, a cikin harshen da yake ji, a wurin da zai iya zuwa ba sai ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa Abuja ba. Na huɗu, mantuwa ta zama asali, ajiya ta zama togiya da sai alƙali ya ba da izini, a kan mutum sananne, na lokaci sananne.

Za a ce waɗannan sharuɗɗa za su rage wa jami'an tsaro sauri. Gaskiya ne, za su rage a wasu lokuta, kuma wannan farashi ne na haƙiƙa. Amma jami'in da aka miƙa wa sunaye 10,000 alhali ɗari yake nema bai samu sauri ba, ya samu dajin da zai ɓata a ciki. Kuma jama'ar da ta ga ana kama masu cajin waya da direbobi ba gaira ba dalili za ta kama bakinta, alhali labarin da ke ceton rai daga bakin jama'a yake fitowa.

Nauyin bai tsaya kan 'yan majalisa da alƙalai ba. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a 2006, kuma daga cikin ɗalibanta ne za a samu waɗanda gobe za su zauna su zaɓi yawan ƙoren da za a jera, da adadin tsakuwar da in ta taru za a buga ƙararrawa, da tsawon kwanakin da za a ajiye sawun mutane. A takarda waɗannan lambobi ne kawai, amma kowace lamba tana yanke yawan marasa laifin da za a taɓa. Ya kamata wanda zai rubuta su ya yi wa kansa tambayar da ɗan Rawaha ya amsa da aikinsa: in da ni za a auna da wannan ma'auni, ba tare da an gaya mini ba, zan yarda da shi? In amsar a'a ce, to bai halatta ya auna mutumin Maiyama da shi ba.